Yadda Angama Ya Raba Gaba da Baya

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin. Angama kowa yake kiransa, don ba a taɓa kawo masa aiki ya ce bari ya duba ba. Kafin ka rufe baki ya riga ya ce, "Ɗauka an gama." Ya karanci kwamfuta, wannan ba ƙarya, takardar tana rataye a falo daidai inda baƙo ba zai zauna bai gan ta ba. Amma mai askin layin har yau bai yafe masa ba, tun ranar da ya karɓi wayarsa zai ƙara mata sauri, ta dawo babu hoton 'ya'yansa ko ɗaya.

Surukinsa yana da zauren taro da yake bayarwa haya, da wani ɗaki a saman bene inda ake aikin ofis. Da gwiwa ta fara hana tsohon hawa, ya faɗa a gaban iyali cewa zai naɗa manaja ya huta. Tun daga ranar Angama ya rasa sukuni. Duk shekarunsa na aure a "mijin 'yata" ya yi su, haka tsohon yake gabatar da shi ga mutane, ba sana'a ba muƙami, abin kuwa yana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa. Matarsa ce ta je ta durƙusa gaban mahaifinta ta roƙa a gwada shi.

"To," in ji tsohon. "Ya nuna mini abu guda da ya fara ya ƙare, kujerar tasa ce."

Zauren yana da shafin intanet inda mutane ke kama rana, su biya kuɗi ranar taron a bakin ƙofa. Mutum biyu ke kula da shi a ɗakin sama. Auta, ƙanwar matar Angama, ita ke da gaba, wato duk abin da mutum ke gani a wayarsa, launi da hoto da maɓallin dannawa. Wani siririn mutum da ake kira Jemage saboda ba ya shiri da haske, shi ke da baya, inda ake duba ko ranar tana hannun wani, a kuma ajiye sunan wanda ya kama. Tebur ɗaya suke zama. Kod ɗinsu, wato rubutun umarnin da ke tafiyar da shafin, a cakuɗe yake wuri guda cikin wata tsohuwar kwamfuta da suke kira saba, tana gurnani a ƙarƙashin tebur tana gasa musu ƙafa. Shafin ba shi da kyau, ga nawa, amma bai taɓa ba mutum biyu rana ɗaya ba. In wani abu ya lalace Auta ta zunguri Jemage da biro, ya gyara.

Nan Angama ya sa ido. Ya tafi wata bita ta 'yan kwanaki, ya dawo da jaka mai tambari da sababbin kalmomi cike da baki, ya sami tsohon a baranda.

"Baba, abin da yaran nan suke yi, kicin da banɗaki da wurin kwana ne aka haɗa a ɗaki ɗaya. Duniya ta wuce nan. Yanzu gaba daban ake yi, baya daban. Shi ma bayan a yanka shi gunduwa-gunduwa, mai duba rana da akwatinsa, mai ajiye suna da nasa, mai aika saƙo da nasa. Kowanne yana kwance yana barci, sai an kira shi ya tashi ya yi aikinsa ya koma. Saba kuwa ba ma bukatarta."

"Wani abu ne ya lalace?" in ji tsohon.

"Bai lalace ba, Baba. Shi ya sa ya kamata a gyara shi tun da wuri."

Tsohon ya dube shi. "In an raba su, wa zai haɗa su?"

"Ni," in ji Angama, ya dafa ƙirji. "Ai nan ne wurin da ke bukatar kai."

Aka sa sanarwa cewa shafin ya tafi hutu, aiki ya fara da korar saba. Allah ya so Jemage ya riga ya kwashe abin da ke cikinta. Angama bai yarda a sauko da ita a ɓoye ba, sai da ya jira layin ya cika sannan ya rungumo ta da kansa. A tsakiyar bene wayar wutarta ta harɗe masa ƙafa, suka ƙarasa saukowa tare, ta riga shi isa da kaɗan. Mai facin da ke gefen ƙofa ya ɗago kai daga taya, mai aski ya fito da almakashi a hannu.

"Injiniya, lafiya?" in ji mai aski.

"Tarihi kuke gani," in ji Angama yana kaɗe gwiwar wando. "Daga yau shafinmu ba shi da saba."

"To a ina zai zauna?"

"A kwamfutocin wani babban kamfani, can nesa."

"Su waɗancan kwamfutocin, me ake ce musu?"

Angama ya kawar da kai. "Saba."

"Wato ka kori taka ka koma gidan haya."

"Kai dai tsaya a kan ƙeya, nan ka ƙware. Wannan magana ta fi ƙarfin almakashi."

Mai faci ya juya akwatin sabar ya buga shi da tafin hannu, ya ce in ba a so a bar masa, daidai yake da mazaunin kwastoma.

Raba kod ɗin bai ishi Angama ba. Ya lura duk sanda ya juya baya Auta da Jemage sai su yi ƙus-ƙus su daidaita al'amari ba da shi ba, ga shi kuwa a bita an ce kada gaba ya san cikin baya. Ya ja layi da alli a tsakar ɗakin, ya kira kafinta ya kafa falanki har rufi, aka bar 'yar taga a tsakiya. Ya ajiye kujerarsa a bakinta, ya ce daga yau duk maganar aiki ta wurinsa za ta bi.

Sai da aka buga ƙusa ta ƙarshe aka ga ƙofa da tagar waje sun faɗa ɓangaren Auta, fanka da soket sun faɗa ɓangaren Jemage.

"Yaya, ta ina zai fita?" in ji Auta.

"Tambayar da nake shirin yi ke nan," in ji wata murya daga bayan falanki.

Aka dawo da kafinta ya yanka 'yar ƙofa da sai an sunkuya, sakatarta ta wajen Auta, aka huda rami aka zuro mata wayar wuta guda. Ba a yi mako ba Auta ta tashi da wuri wata rana, ta zura sakata ba tare da tunani ba, ta kulle ɗakin ta tafi. Jemage ya kira Angama kamar yadda doka ta ce, amma Angama yana shagon aski yana lacca, wayar tana aljihu. Sai da mai faci ya ji bugun bango ya ɗauka ɓarawo ne, ya hau da ƙarfen cire taya, sannan aka fito da Jemage. Washegari kuma wayar wutar Auta ta zare daga soket daidai lokacin da ba ta adana aikin wuni guda ba. Kowa ya rantse ba da gangan ba ne, kowa kuma bai yarda da rantsuwar ɗan'uwansa ba. Ko gaisuwa suka daina, Auta ta toshe kunne da iyafis. Angama ya gaya wa matarsa cewa rabuwa ta kankama fiye da yadda aka koyar a bita.

Shi kuma aikin kai saƙo bai yi masa ba, yana ganin bai dace da mai shirin zama manaja ba. Da Auta ta ce ya tambayar mata "mutumin can" yadda yake so a turo masa kwanan wata, sai ya amsa daga kansa, ya ce rana ce farko sannan wata. Bayan kwana biyu Jemage ya yi irin tambayar, ya sake amsawa daga kansa, ya ce wata ne farko sannan rana.

Aikin Jemage ya ja lokaci, Auta ta ce ba ta da inda za ta gwada maɓallanta. Masu sana'ar suna da dabara a nan, sukan rubuta ɗan kod na bogi ya tsaya a madadin baya har na gaskiya ya iso. Angama ya naɗe hannun riga ya rubuta nasa kafin shayinsa ya huce. Duk ranar da ka zaɓa, ba ya duba komai, ba ya ajiye komai, sai ya cika fuskar waya da kore ya ce, "An gama. Zauren naka ne."

Auta ta danna, ta sake dannawa, ta kwashe da dariya. "Yaya, wannan ai kai ne ka shiga cikin kwamfuta."

"Dariya kike yi. Kin taɓa ganin sauri irin wannan?"

Ranar da Jemage ya gama, Angama ya canza layi ɗaya a kod ɗin gaba, ya juya shi daga bogi zuwa bayan gaskiya. Bai gwada ba, a ganinsa gwaji na masu shakka ne. Ya sauko da kwamfutarsa baranda, ya gayyato mai aski da mai faci su zama shaida, ya ce Baba ya zaɓi ranar da yake so da hannunsa mai albarka.

Tsohon ya zaɓa ya danna. Wani ɗan zobe ya fara juyawa.

"Miƙa yake yi, Baba. Na ce maka barci suke yi sai an kira su."

Zoben ya tsaya, fuskar kwamfutar ta yi ja, ta ce ba a gane kwanan watan ba. Tsohon ya sake dannawa, ta sake yin ja.

"Ya tashi da ƙafar hagu," in ji mai aski.

Gumi ya karyo wa Angama. Ya ce hasken rana ne ke damun allon, ya jawo kwamfutar ya juya ta wajensa, ya mai da layin nan kan bogi cikin ƙiftawar ido. Tsohon ya danna, kafin ya ɗage yatsa kore ya cika wuri. Mai faci ya goge hannu a wando ya danna, kore. Mai aski ya danna da ƙarfi don mugunta, kore.

"Kai," in ji tsohon. Karo na farko ke nan da Angama ya ga ya dube shi ba tare da ya tsuke baki ba. "A sake shi yau. Mutane sun dame ni da waya."

Aka sake shi a haka.

Kada a zalunci Angama, ya yi niyyar gyara, kuma ya gyara. Washegari ya gano rikicin kwanan wata, ya daidaita shi a ɓoye, ya mai da layin kan bayan gaskiya, ya danna turawa. Sai dai a da, lokacin da komai ke cakuɗe, turawa ɗaya ake yi komai ya tafi. Yanzu gaba da hanyar turawarsa, baya da tasa, dokar da shi da kansa ya kafa. Ta baya ya danna. Ya ga ta ce ta tafi lafiya, ya rufe kwamfuta ya wuce wurin tela awon kwat, gyaran gaba kuwa yana nan kwance a cikin jakarsa.

Mutanen da suka gaji da jiran shafin suka yi masa caa. Auta ta ce masa ba ta taɓa ganin cinkoso irin wannan ba. Da yamma kuma Jemage ya leƙo ta 'yar taga, ya rage murya don kada maƙiyiya ta ji.

"Oga, har yanzu ba wanda ya kira ayyukana."

"Kuskure nawa aka samu?"

"Babu. Ai tunda ba wanda ya..."

"Babu kuskure ko ɗaya," in ji Angama, ya lumshe ido. "Tun da kake aiki ka taɓa ganin haka?"

Jemage ya koma cikin duhunsa. A ransa ya yanke cewa sabon shafin Auta ne ya yi muni har mutane suka guje shi, abin kuwa ya yi masa daɗi, don haka bai sake ɗaga maganar ba. Angama ya sauka shagon aski ya haɗa labarin biyu ya yi guda. Gaba ya cika maƙil da jama'a, baya kuwa ya iya aiki har ba ya bukatar tashi daga barci.

Tsohon ya ce a sa ranar miƙa kujera. Angama ya zaro waya a gaban matarsa ya zaɓi Asabar ɗin ƙarshen wata, kore ya bayyana.

"Asabar ɗin ƙarshen wata?" in ji ta. "Ranar da ake kokawa a kanta tun wata bai kama ba? Haka kawai ka same ta a buɗe?"

"Tsari ke nan. In abu ya tsaru, har sa'a biyo shi take yi."

"Ni dai na sa fuskata a gaban Baba. Ka tuna da wannan."

"Ki fara koyon zama matar manaja kawai."

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa, cikin kwat sabo fil da takalmi mai matsa masa ɗan yatsa. Yana gyara ƙyallen da aka rubuta masa barka, wata bas ta tsaya, tsofaffi suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sanda ko 'yar jakar magani. Shugabansu ya ce ƙungiyar 'yan fansho ce, sun zo taron shekara.

"Kun yi kuskuren rana, Baba," in ji Angama cikin ladabi.

Tsohon ya zaro waya ya kai ta dab da hancin Angama. "Idona ya yi rauni, ɗana, amma kore ina ganinsa."

Bai gama haɗiye wannan ba, wani gajere mai faɗin ƙirji ya shigo da ɗalibansa na kareti cikin fararen kaya, ya rusuna ya nuna tasa wayar. Bayansu motar ɗaukar kaya ta ja birki, aka fara sauke kekunan ɗinki. Wata mata mai tef ɗin awo a wuya ta doso, ita ce shugabar makarantar ɗinki, yau take yaye ɗalibai.

"Wa ke da wurin nan?" in ji ta.

"Kusan ni ne," in ji Angama.

"To kusan kai za mu kama. Su wane ne waɗannan a zaurena?"

"A zaurenmu dai," in ji shugaban 'yan fansho.

"Namu," in ji mai kareti a hankali, yana murza wuyan hannu.

Na ƙarshen shigowa masu kiwon tattabaru ne, sun zo gasa, kowa rungume da keji. Mai aski ya rufe shago ya jawo benci, mai faci ya kawo tsohuwar saba ya zauna a kai. Angama ya hau kujera ya ɗaga hannu.

"Jama'a, wannan ba matsala ba ce, dama ce. Zaure ma ana raba shi gunduwa-gunduwa, kowa da akwatinsa, ba mai shiga harkar wani. Ku ba ni igiya."

Aka ba shi igiya. Ya yanka zauren gida huɗu, ya bar wa kansa dandamali. 'Yan fansho suka zauna a kusurwarsu, shugabansu ya ce a yi shiru na ɗan lokaci don tunawa da 'yan ƙungiya da suka rasu. Shirun ya yi daidai da lokacin da ɗaliban kareti suka kai naushin farko tare da ihun da aka koya musu. Wani tsoho ya tsinci kansa a ƙarƙashin kujera, ma'ajin ƙungiya ya rungume jaka yana neman ƙofa. Masu ɗinki suka jona kekuna da dutsen guga duk a waya ɗaya. Angama ya ga in bai fara jawabinsa yanzu ba, ba zai fara ba, ya ɗauki makirufo.

"A tarihin fasaha," in ji shi, wuta ta ɗauke.

Fankoki suka tsaya. Zafi ya taso, 'yan fansho suka fara fifita da takardun taro. Wani ɗalibin kareti ya ja da baya zai kai shuri, ya tsallake igiya bai sani ba, ya zauna kan keji. Murfin ya buɗe, mai kejin ya yi tsalle zai tare, ya ture na kusa da shi. Kafin a ankara rufin zauren ya cika da fukafukai, tattabarun da tsoro ya kama kuwa kowa ya san abin da suke yi. Sun yi shi a kan kayan yaye da aka jera a tebur, farare tas, aikin wata da watanni.

Shugabar ɗinki ba ta yi ihu ba. Ta taka har dandamali ta riƙe hannun kwat ɗin Angama. Ya ja, ta ja, hannun ya biyo ta. Ta juya shi ta duba bakin ɗinkin.

"Ko telanka ma irinka ne," in ji ta.

A wannan hali surukinsa ya shigo, yana dogara sanda, 'yarsa matar Angama a gefe, abokansa da ya gayyato a baya. Ya tsaya ya kalli zaurensa daga wannan bango zuwa wancan. Wata tattabara ta sauka a kan ƙyallen barka.

"A kira mini na sama," in ji shi.

Auta da Jemage suka sauko, suka tsaya nesa da juna. Zauren ya yi tsit, har mai kareti ya sa ɗalibansa suka zauna.

"Baba, 'yar matsala ce daga baya," in ji Angama.

"Baya bai taɓa jin labarin mutanen nan ba," in ji Jemage yana kare ido daga haske. "Tun da aka saki shafin ba a turo mini ko suna ɗaya ba."

Auta ta juyo ta dube shi, karo na farko tun ranar soket. "Ko ɗaya? Mutane fa sun yi ta dannawa kamar ana rabon kyauta."

"Ina kike turawa?"

"Inda Yaya ya sa." Ta buɗe kwamfutarta a kan gwiwa, ta duba, ta ɗago a hankali. "Bogin nan ne har yanzu."

"Na gyara," in ji Angama. "Wallahi na gyara. Gyaran yana nan cikin kwamfutata."

"Eh, yana cikin kwamfutarka," in ji Auta.

Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya tuna yatsansa a kan maɓallin turawa, ya tuna wanne ne, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ku yi mini magana irin ta mutane," in ji tsohon.

"Baba, mutum aka ajiye a bakin ƙofa," in ji Auta. "Duk wanda ya zo sai ya ce masa to. Ba ya shiga ciki ya tambaya, ba ya kuma riƙe sunan kowa."

"Wa ya ajiye shi?"

Mutum ɗari da wani abu suka juya suka kalli mai kwat mai hannu ɗaya.

Matar Angama ce ta kwashe zauren. Ta bar wa 'yan fansho wurin tunda su suka fara zuwa, ta roƙi mai kareti ya koma farfajiya, ta yi wa masu tattabaru alkawarin wata rana kyauta. Shugabar ɗinki ta fi wuya, sai da ta ɗauki nauyin wanki da guga ta kuma ba da haƙuri har muryarta ta dishe. Duk wannan ba ta kalli mijinta ko sau ɗaya ba, shi kuwa ya fi son ta zage shi.

Da la'asar, bayan an share gashin tsuntsu, tsohon ya zauna a tsakiyar zaure ya miƙe gwiwa. Ya ce wa Auta da Jemage su cire falankin nan kafin su taɓa komai, sannan su tura gyaran. Ya dubi 'yarsa matar Angama ya ce daga Litinin ita ce manaja. Ta sunkuyar da kai. Angama ya ji abin har cikin ƙashinsa, kunya da baƙin ciki, da wani abu mai kama da sanin cewa an yi daidai.

Duk da haka ya gyara murya. "Baba, in aka duba ta wani ɓangaren, gaban ya yi aiki, bayan ma lafiyarsa ƙalau. Rabuwar kanta ba ta da laifi. Abin da ya rage ɗan..."

"Su nawa ne suka kama rana a wurin mutumin naka na bakin ƙofa?" in ji tsohon.

Angama ya dubi Jemage. Jemage ya ɗaga kafaɗa. Ya dubi Auta.

"Ba wanda ya sani, Baba," in ji ta. "Bai ajiye suna ba, bai ajiye lamba ba. Sai dai in sun zo."

"To za su zo. Kowa da motarsa da baƙinsa da korensa a waya." Ya juya ga Angama. "Kai za ka tare su. Kullum da safe ka zauna a bakin ƙofa, duk wanda ya zo ka yi masa bayanin nan naka na gunduwa-gunduwa, ka ba shi haƙuri. Ranar da na ƙarshensu ya zo, ka tashi."

Angama ya yi lissafi a ransa, ya ga abin ba zai wuce 'yan makonni ba, har ya fara tsara yadda zai gaya wa mai aski cewa an ba shi sashen hulɗa da jama'a.

"Auta," in ji tsohon, "shafin nan, har zuwa yaushe yake barin mutum ya kama rana?"

"Da can wata uku ne, Baba. Yaya ya ce wata uku tunanin ƙananan mutane ne, in buɗe shi."

"Kika buɗe zuwa ina?"

"Shekara biyar."

Jemage ya yi tari ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Matar Angama ta tashi ta ɗauko hannun kwat ɗin daga kan dandamali, ta kaɗe shi ta ninke, sannan ta dubi mijinta karo na farko tun safe.

"Kada ka damu," in ji ta. "Zan sa a yi maka rumfa."